Shin Ko Kun San? Gubar Da Ke Da Makari Da Wadda Ba Ta Da Shi

Shin ko kun san cewa allurar da ake yi wa wanda maciji ya sara, daga jinin doki ko tunkiya ake samo ta? Ana tatsar dafin macijin, a riƙa yi wa dabbar allurarsa kaɗan-kaɗan, gwargwadon da ba zai kashe ta ba, har tsawon watanni. Jikinta sai ya ƙera garkuwar da ke kama dafin. Daga nan a ɗebi jininta, a ware ruwan jinin, a tace, a ɗura a 'yan kwalabe. Likitan Faransa Albert Calmette ne ya fito da wannan hanya a 1894, bayan ya yi aiki a Saigon ta ƙasar Biyetnam, inda ya ga ɓarnar da gamsheƙar can take yi. Shi ne kuma, tare da abokin aikinsa Camille Guérin, ya samar da allurar BCG ta tarin fuka, wadda tabonta ke damtsen da yawa daga cikinmu. Har yau da doki da tunkiya ake wannan aiki.

Ko kun san cewa makarin dafin wani maciji ba lallai ne ya karya na wani ba? Likitan ƙasar Burazil, Vital Brazil, ya gwada maganin Calmette a kan dafin macizan ƙasarsu a ƙarshen ƙarni na 19, ya ga bai yi tasiri ba. Kowane dafi da irin garkuwarsa. An ga gaskiyar wannan ƙiri-ƙiri a wani asibitin karkara a tsakiyar Ghana. Lokacin da maganin da aka saba amfani da shi ya yanke, aka maye gurbinsa da wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya, sai mace-macen waɗanda maciji ya sara suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Kwalba ce mai kyan gani, da rubutu a jiki, amma ba ta macizanmu ba ce.

Macijin da ya fi kashe mutane a yankinmu na sabana shi ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ba ta da girma, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, shi ya sa manomi da makiyayi ke taka ta. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum na iya tashi yana tafiya kamar ba abin da ya same shi, bayan kwana ɗaya ko biyu dasashinsa ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani lokacin jinin ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Idan ba a yi allura ba, mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma na rasuwa. Idan an yi ta gaskiya a kan lokaci, adadin ya kan koma ƙasa da biyu cikin ɗari.

Kun san kuwa cewa gwajin da ake yi a duniya don gane ko dafin kububuwa ya shiga jiki, a arewacin Najeriya ya samo asali? Likitan Birtaniya David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana shi. Ba ya buƙatar lantarki ko na'ura. Ma'aikacin jinya zai ɗebi jini kaɗan daga jijiya, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, ya ajiye ba tare da ya girgiza ba. Bayan minti 20 ya karkata kwalbar. Idan jinin ya zama guda ya tsaya, da sauƙi. Idan ya kwaranyo kamar ruwa, dafi na aiki, sai allura. Bayan awa shida a sake gwadawa, in har bai daskare ba a ƙara wata. Dole gilashi ne, don a roba jinin lafiyayye ma ya kan ƙi daskarewa da wuri.

Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe na cikin mafiya karɓar irin waɗannan marasa lafiya a Afirka, kuma ya fi cika a lokacin shuka da lokacin girbi. Allurar EchiTAb da aka haɗa musamman don macizanmu, tafiyarta doguwa ce. An kama macizai a Najeriya, aka kai su makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool aka tatsi dafinsu. Wani kamfani a yankin Wales ya haɗa iri ɗaya da jinin tumaki, na kububuwa kaɗai. Cibiyar Clodomiro Picado a ƙasar Kosta Rika ta haɗa wani da jinin dawakai, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun daɗe suna kiran a riƙa haɗa wannan allura a gida, kuma gaskiya suke faɗa. Macijin namu ne, marar lafiyar namu ne, dawakai da tumaki ba su yi mana ƙaranci ba. Dogaro da waje na da haɗari: a 2014 kamfanin Sanofi ya daina haɗa Fav-Afrique, ɗaya daga cikin amintattun alluran nahiyar, ragowar da ke hannu kuma wa'adinsa ya ƙare a watan Yunin 2016.

Shin ko kun san dalilin da ya sa baƙin dutse da tsaga da tofi suka yi suna a maganin sara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutum miliyan 5.4 a shekara, amma miliyan 1.8 zuwa 2.7 ne kawai dafi ke shiga jikinsu. Sauran ko macijin ba mai dafi ba ne, ko ya sara bai zuba ba. Waɗannan ko me aka ba su za su warke, sai a yaba wa abin da aka ba su. Wanda dafi ya shiga da gaske shi ne ke rasa awannin da suka fi tsada a rayuwarsa. Mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba na kashe naman wurin har a kai ga yanke ta. Tsaga wurin da reza ga wanda kububuwa ta sara kuwa buɗe wa jinin da ba ya daskarewa hanya ne. Abin yi shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Neman makari guda ɗaya na kowace guba tsohon buri ne. Sarki Mithridates na shida na ƙasar Pontus, a gaɓar Baƙin Teku, wanda ya rasu shekara 63 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shahara da shan guba kaɗan-kaɗan da wani haɗin magani don kada a kashe shi da ita. Sarakunan Turai na baya kuma sun riƙa sayen wani dutse da ake samu a cikin tumbin awaki da tsadar zinare, suna tsoma shi a abin sha. A ƙarni na 16 likitan fiɗa na sarkin Faransa, Ambroise Paré, ya ce dutsen ba zai iya karya kowace guba ba. Aka kawo wani kuku da aka yanke wa hukuncin rataya saboda satar azurfa, ya yarda a ba shi guba sannan a ba shi dutsen, in ya rayu a sake shi. Ya mutu cikin azaba bayan 'yan awanni. Gwajin rashin imani ne, amma amsar da ya bayar ba ta canza ba.

Ko kun san cewa akwai guba biyu da kowace ke karya 'yar'uwarta, kuma ɗayarsu daga Kalaba ta fito? Mutanen Efik na da wani wake mai suna esere da a da ake ba wanda ake zargi da maita. Turawan mishan suka kai shi Edinburgh ta Sikotlan, a 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin. Ɗaya gubar kuma ita ce atrofin, dangin abin da ke cikin zaƙami. Ku dubi alamominsu. Wanda zaƙami ya buge, bakinsa bushewa yake yi, fatarsa ta yi zafi ba zufa, baƙin idonsa ya buɗe, zuciya ta riƙa gudu, yana sambatu yana kama abin da babu shi. Wanda ya ci waken Kalaba kuwa dalala yake yi, zufa na karyo masa, baƙin ido ya tsuke, zuciya ta rage gudu. A farkon shekarun 1870 Thomas Fraser ya nuna a Edinburgh cewa idan aka ba dabba ɗayan a daidai awo, ya kan cece ta daga ɗayan. Har yanzu likitoci na amfani da fisostigmin ga wanda zaƙami ya yi wa mummunan kamu.

Wannan ya kawo mu ga fiya-fiya, maganin ƙwarin nan. Sinadarin da ke cikinta, da danginsa na maganin feshin gona, irin aikin waken Kalaba suke yi wa jiki, har ma ya fi muni. Abin da ke kashe mutum shi ne ruwa da majina da ke cika huhu, da gajiyar naman numfashi. Makarinta atrofin ne, allura mai arha ƙwarai. Likita kan fara da ɗan awo, yana ninkawa kowane 'yan mintuna, yana sauraron ƙirji, har sai ya ji huhu ya washe. Wani marar lafiyar sai an fasa kwalabe da dama kafin a kai nan. Kada wani ya ji wannan ya jiƙa zaƙami ya ɗura wa mutum. Ba wanda ya san yawan gubar da ke cikin ƙwaya ɗaya ta zaƙami, sai a tara wa marar lafiya guba biyu. Wanda maganin feshi ya zube wa a jiki, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, mai wankin ya kare hannunsa, don ta fata ma yana shiga. A tafi da kwalbar asibiti. Rubutun da ke jikinta na rage wa likita lalube.

Shin ko kun san cewa manja da madara ba makarin guba ba ne? Wannan ita ce maganar da na fi so iyaye mata su riƙe. Yaro ya kurɓi kananzir da aka zuba a robar lemo, gida ya rikice, wannan ta kawo manja, wancan ya sa masa yatsa a maƙogwaro. Kananzir a ciki ba ya yin ɓarnar da yake yi a huhu. Lokacin amai, ko lokacin da ake ɗura wa yaro abu yana kuka yana fizge-fizge, ɗigo kaɗan ya isa ya faɗa hanyar numfashi ya ƙona huhu. Manjan ma kansa in ya shiga huhu ciwo ne. Idan kuma abin da aka sha mai ƙuna ne, irin soda ta yin sabulu ko ruwan batir, amai na sake ƙona maƙoshi a karo na biyu. Ba amai, ba ɗure.

Gawayi fa? Akwai gawayin asibiti da ake gasawa da tururi mai tsananin zafi har ya zama duk 'yan ramuka, yadda faɗin fuskar giram ɗaya kan wuce murabba'in mita 500. Guba na manne masa a cikin hanji ta fita tare da shi. Ya fi aiki a cikin awa ɗaya da shan gubar, kuma ba ya kama kananzir, ko barasa, ko ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Gawayin murhu bai kai shi ba ko kusa. Wani abin mamaki: jajayen birai na tsibirin Zanzibar kan ci gawayi daga ƙonannun itatuwa, har su ɗauka a wurin masu ƙona shi, don su iya cin ganyen mangwaro da na wata bishiya masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa.

Akwai gubar da ba ta da makari sam. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a rumbu da buhuna, da zarar ta sha laima sai ta saki iskar fosfin. Iyali na iya kwana a ɗaki ɗaya da buhunan, ko a ɗakin da ke manne da sito, gari ya waye ana salati. Asibiti ba shi da allurar da zai karya ta, sai dai tallafa wa numfashi da zuciya. Haka maganin ciyawa na farakwat: kurɓi ɗaya na iya lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma iskar oksijin da ake ceton wasu da ita ƙara masa ɓarna take yi. Kada mutum ya kwana kusa da hatsin da aka sa wa ƙwaya, kada kuma a juye maganin gona a robar ruwan sha.

Ko kun san cewa maganin ɓera da maganin da ake ba masu ciwon zuciya don tsinka jini asalinsu ɗaya? A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓen harawa. A 1933 wani manomi ya kai wa masanin sinadarai Karl Paul Link na Jami'ar Wisconsin matacciyar saniya da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa. Daga binciken aka samu warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 har shugaban Amurka Eisenhower ya sha bayan bugun zuciya. Makarinsa bitamin K ne, wanda Henrik Dam ɗan ƙasar Denmak ya gano. Yana da yawa a ganyaye irin su alayyahu da kabeji, shi ya sa likita ke gargaɗin mai shan warfarin kada ya riƙa sauya yawan ganyen da yake ci haka kawai. Magungunan ɓera na zamani sun fi daɗewa a jiki. Yaron da ya ci na iya zama lafiya lau kwana ɗaya ko biyu kafin jini ya ɓalle, kuma akan ɗauki makonni ana ba shi bitamin K.

Farasitamol ma da muke gani kamar ba komai, idan ya yi yawa hanta yake kashewa, kuma a shiru yake yi. Ranar farko ɗan tashin zuciya ne kawai, sai a kwana na uku ido ya yi rawaya. Makarinsa, asetilsistin, kusan kullum yana ceton hanta in an fara shi cikin awa takwas. Babba kada ya wuce giram huɗu a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, kuma a duba maganin mura da ake haɗawa da shi, don sau da yawa akwai farasitamol a ciki.

Wanda ya sha kodin ko makamancinsa har numfashinsa ya yi ƙasa, leɓe ya yi duhu, baƙin ido ya tsuke, allurar naloksan na iya farfaɗo da shi cikin 'yan mintuna, don ture ƙwayar take yi daga inda ta kama a ƙwaƙwalwa. An amince da ita a Amurka a 1971, daga 2023 kuma ana sayar da ta fesawa a hanci a can ba tare da takardar likita ba. Ƙarfinta na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma na nan a jiki, don haka wanda ya farfaɗo na iya sake suma. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma matasanmu ba su rabu da wannan bala'i ba. Ya kamata a ce kowane ɗakin gaggawa na da wannan allura.

Kun san kuwa cewa akwai gubar da makarinta barasa ce? Metanol, wanda ake samu a gurɓatacciyar giya, shi ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Hanta ce ke mayar da shi asid mai makantarwa da kisa. Idan aka ba marar lafiya barasar itanol a awo, hanta ta kan shagala da ita, metanol ya samu ya fita ta fitsari ko ta injin wankin ƙoda. A farkon 2019 aka ba da rahoton likitoci a lardin Quang Tri na Biyetnam sun ɗura wa wani mutum gwangwani 15 na giya ta bututu suka cece shi. Inda akwai hali, maganin fomefizol ake amfani da shi.

Shin ko kun san cewa magani kaɗai bai iya ceton yaran Zamfara daga gubar dalma ba? A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, ta lura yara na jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Duwatsun zinaren da ake haƙowa cike suke da dalma. Gida ake kawo su, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don wurin wasan yara 400 ne. Kimanin yara 400 suka rasu. Maganin da aka ba su, DMSA, kama dalma yake yi a jini ya fitar da ita ta fitsari. Ɗan'uwa ne ga wani magani da masana a Oxford suka haɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don karya iskar yaƙi mai guba. Amma ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai da aka bi gida-gida aka kankare saman ƙasa, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi ma'ana. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin wannan aiki, yara na can suna shaƙar ƙurar. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ɓarnar da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba maganin da ke mayar da ita.

Wani shuɗin fenti da aka gano a Berlin a farkon ƙarni na 18 makari ne. A 1987, a birnin Goiânia na Burazil, masu jari-bola suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti, mutane suka riƙa wasa da garin da ke ƙyalli a ciki, ashe sinadarin siziyom ne mai tururin nukiliya. Mutum huɗu suka mutu. Da wannan shuɗi aka riƙa janye gubar daga hanjin waɗanda suka kamu.

Ko kun san cewa hayaƙin janareta da garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu na kisa ba tare da wari ba? Iskar da ke yin kisan ba ta da launi ba ta da ƙamshi, kuma ta fi oksijin kama jini sau fiye da 200. Ciwon kai, jiri, kasala, barci, shi ke nan. Makarinta oksijin ne tsantsa. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabinta, da oksijin na asibiti kuwa kimanin awa ɗaya da 'yan mintuna. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a tare, a fitar da kowa waje tukuna. Janareta a baranda kusa da taga, ko a zaure an rufe ƙofa saboda ɓarayi, duk haɗarin ɗaya ne.

Shi kansa magani wani lokaci yana da makarinsa a gefe. Jijjigar masu ciki na cikin manyan abubuwan da ke kashe matanmu, kuma allurar magniziyam ce ke tsayar da ita. Lokacin da aka shigar da ita asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mutuwar matan da suka zo da wannan ciwo ta sauka daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Sai dai in ta yi yawa ta kan danne numfashi. Shi ya sa za ku ga ungozomar asibiti tana ɗan buga gwiwar mai jego ta ga ko ƙafa za ta zabura, tana ƙirga numfashi, tana auna fitsari, ga kwalbar kalsiyam a kusa don ko ta kwana. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, da ganin dishi-dishi ga mai ciki alamu ne na a tafi asibiti a ranar.

Shin ko kun san cewa abin da ya fi ceton rayuka cikin duk waɗannan yana cikin kicin ɗinku? A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin asibiti kuma ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, 'yan'uwan marasa lafiya na ba su da kofi. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6. Sirrin shi ne hanji na jan gishiri tare da sukari ko da gudawa na tsananta, ruwa kuma ya bi su. Awon gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Gishiri in ya yi yawa cutar da yaro yake yi, don haka ƙullin ORS na kemis ya fi, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kada a daina shayar da nono.

Cizon mahaukacin kare kuwa, da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan ba mai tashi. Kafin nan akwai dama. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, sannan a fara allurar rigakafi a ranar. Louis Pasteur ya fara yi wa yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, ita a watan Yulin 1885, yaron kuma ya rayu.

Masu karatu, musamman masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin damina ta kankama, ku je asibitin da ya fi kusa da ku ku tambaya ko suna da allurar saran maciji, wace iri ce, ta macizan Afirka ta Yamma ce ko kuwa, kuma nawa ake biya. In babu, ku tambayi ina ne mafi kusa da ake da ita, ku sanar a masallaci da kasuwa, ku kuma kai kukan ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku a rubuce.